KWAMIN KIFI A BAYAN GIDA: KAFIN KA SAYI BULO, KA SAN INDA RUWAN ZAI FITA

Yau maganar gini za mu yi. Rubutun da ɗan tsawo, amma a daure a karanta har ƙarshe, don kuskuren gini ba irin kuskuren abinci ba ne da za ka gyara gobe da safe. In siminti ya kama, ya kama ke nan.

Kwanakin baya wani dattijo, abokin mahaifina, ya aiko in je gidansa. Ya kusa ritaya, yana neman abin da zai riƙa yi. Ina shiga ya ja ni bayan gida, sai ga wani ƙaton rami leburori sun haƙa, zurfinsa ya fi tsayina. Ya ciro waya ya nuna mini hoton kwamin wanka irin na manyan otal, ruwa shuɗi tas, an liƙe shi da tayil.

Ya ce, "Ɗana, irin wannan nake so. Jikoki su riƙa iyo ranar Asabar, ni kuma in zuba tarwaɗa ta kasuwa. Ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya."

Na ce, "Baba, kafin mu je ga tayil, tambaya uku gare ni. Ruwan daga ina zai zo? In ya lalace ta ina zai fita? Kuma in ka tafi masallaci, wa zai tsare ƙananan yara daga bakin ramin nan?"

Ya yi shiru. Can ya ce, "To ai shi ya sa na kira ka."

Ban yi masa dariya ba, don ni ma na taɓa yin nawa. Kwamina na farko da bulo inci shida na gina shi, ban cika ramukan bulon da kankare ba, ban sa rodi ko ɗaya ba, na kuma jingina shi da katangar gida wai don in rage kuɗin bango ɗaya. Wata biyu da zuba kifi, cikin dare, bangon ya buɗe. Da asuba a zauren maƙwabcina muka riƙa tsince tarwaɗa. Asarar kifin ba ta dame ni kamar kunyar da na ji ba, ga gyaran katanga da na biya. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, rabinsa daga wannan daren na koyo shi.

WANKA DABAN, KIFI DABAN

Mu fara da burin Baba, don ba shi kaɗai ke da shi ba. Ruwa ɗaya ba ya yin wanka da kiwo.

Abin da ke sa ruwan otal ya zauna garau shi ne kulorin da ake zuba masa kullum, kusan miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, ga injin da ke juya ruwan yana tace shi awanni da yawa a rana. Wannan kulorin yana ƙona zakaran kifi, wato jan naman nan na gefen kai da yake numfashi da shi, kuma abin da bai kai wannan adadin ba ma ya isa ya kashe shi. In kuwa ka bar kulorin don kifi ya rayu, ruwan zai cika da kashin kifi da ragowar abinci, ya yi kore ko ruwan ƙasa, ya fara wari. Ba uwar da za ta bar ɗanta ya shiga ciki. Sannan tarwaɗa tana da ƙaya mai kaifi a fukafukanta na gefe. Duk wanda ta taɓa soka ya san zafin.

Saboda haka ka zaɓi ɗaya. In wanka kake so, ka sani abu ne mai cin kuɗi kullum ba ya dawo da ko sisi: wuta, magani, gyaran inji. In kiwo kake so, ka manta da tayil da shuɗin fenti da zurfin da ya wuce ƙirji. Kifi bai san ado ba.

RUWAN DAGA INA ZAI ZO?

Ga lissafin da kowa ya kamata ya iya. Tsawo sau faɗi sau zurfin ruwa, duk a mita, sai ka ninka da 1,000, ka sami lita. Kwami mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, ruwa zurfin mita 1, yana cin lita 6,000.

Cikawar farko ba ita ce matsala ba. Canjin ruwa ne. Idan kifi ya fara girma yana cin abinci sosai, za ka riƙa zubar da kashi ɗaya cikin uku ko rabin ruwan duk bayan kwana biyu ko uku, wani lokacin ma kullum. Rabin 6,000 shi ne lita 3,000. A jarka mai lita 25, jarka 120 ke nan. In kurar ɗan garuwa tana ɗaukar jarka 12, kura goma ke nan a canji ɗaya. Yanzu ka tambayi kuɗin kura a unguwarku, ka ninka da goma, ka sake ninkawa da yawan canjin da za ka yi cikin wata biyar ko shida. Za ka ga dalilin da ya sa muke cewa wanda ba shi da ruwan kansa kada ya gina kwamin siminti.

Mai rijiya, kada ka auna ta a watan Agusta. Ka auna ta a Afrilu da Mayu, lokacin da rijiyoyi ke ja da baya, kuma lokacin ne zafi ke sa ruwan kwami saurin lalacewa. Ka ja ruwa da inji ka ga lita nawa take bayarwa kafin ta ƙafe, kuma awa nawa take yi kafin ta dawo. Ka tuna mutanen gida ma a nan suke sha.

Mai rijiyar burtsatse, ruwanka yana fitowa da ƙarancin iska a cikinsa, wani kuma da tsatsa, ka ga yana barin ja a jikin bokiti. Ka fara tara shi a tanki, sannan ka sa ya zubo cikin kwami daga sama yana fantsama, don ya sha iska. Mai ruwan famfon gwamnati, akwai kulorin a ciki, sai ya kwana ɗaya ko biyu a buɗaɗɗen tanki kafin ya taɓa kifi.

Tankin ajiya ba ƙawa ba ne. Ranar da ruwa ya lalace, kifi ya taso sama ya tsattsaya a miƙe, ba wuta, janareta ya ƙi tashi, wannan tankin ne zai ceci jarinka.

IN YA LALACE TA INA ZAI FITA?

Wannan ita ce tambayar da aka fi mantawa, kuma ita ta fi haddasa rigima.

Ramin Baba ya fi kwatar gidansa zurfi nesa ba kusa ba. Ruwa kuwa ba ya hawa tudu da kansa. Ma'ana duk canjin ruwa sai an tada inji an zuƙe, fetur kan fetur, kuma dattin da ya kwanta a ƙasa, wanda shi ne asalin gubar, inji ba ya kwashe shi tas. Shi ya sa a bayan gida muke ba da shawarar a gina kwami a kan ƙasa, daɓensa ya ɗan fi hanyar ruwan gidan tudu. Ka buɗe bututu kawai, ruwa ya tafi da kansa.

To ya tafi ina? Ruwan tarwaɗa yana da wari, ba ma sai an faɗa ba. Lita 3,000 duk bayan kwana biyu a cikin lungun da ba a yi masa kwata mai kyau ba, sati biyu ya isa a kai ka gaban mai unguwa. Kuma gaskiyar maƙwabta ce: wari, sauro, taɓo a ƙofar gida, ga danshi yana cin gindin katangarsu.

Hanyoyi uku ne. Mafi kyau shi ne lambu. Wannan ruwan taki ne, ayaba da gwanda da zogale da alayyafo da kuɓewa suna son sa sosai. In kana da fili, ka ja 'yar hanya daga bakin bututu zuwa kunyoyi. Amma ka auna, don ƙaramin lambu ba zai shanye lita dubbai ba, balle da damina. Ta biyu, ramin shanye ruwa na musamman, a cika shi da duwatsu da fasassun bulo a rufe. Kada ka haɗa shi da na banɗaki, zai cika maka shi cikin ɗan lokaci. Kuma ka nisanta shi da rijiyar sha, taka da ta maƙwabci, gwargwadon yadda ake nisanta masai: mita 30 in fili ya ba da dama, in ya matse kada ya gaza 15. Ta uku, babbar kwata mai gudu wadda ba ta tsayawa a ƙofar kowa. Ko ita ɗin, ka yi 'yar rijiyar tace datti a cikin gidanka, dagwalon ya kwanta a nan ka kwashe ka kai gona, ruwan sama-sama ya wuce.

In ba ka da ko ɗaya cikin ukun nan, ka dakata. Ka je ka yi sallama da maƙwabtanka tun kafin a kawo yashi. Wanda aka shawarta tun farko, ko ya ji wari wata rana, zai zo ya faɗa maka da kansa maimakon ya kai ƙara.

A INA ZA A ƊORA SHI?

Kada bangon ɗaki ko katangar gida su zama ɗaya daga bangon kwami. Ba a gina su don tare ruwa ba. Ka bar aƙalla mita ɗaya ko biyu tsakani, yadda za ka iya zagaya kwamin da baro, kuma in ya fara yoyo ka gani da idonka kafin danshi ya shiga fandishon gida.

Ka duba ƙasar wurin. In tsohon juji ne, ko kududdufin da aka cike, ko kusa da tsohon masai, ƙasar za ta zauna in ta ji nauyi, daɓe ya tsage. Masu baƙar ƙasar laka mai tsattsagewa da rani, irin wadda ake samu a sassan Borno da Adamawa da Gombe, sai an kwashe ta sama an zuba jar ƙasa ko marmara an daddaɓe sosai, don lakar tana kumbura da damina ta motse da rani, tana wasa da gini.

Inuwa tana da amfani, amma ba ta babbar bishiya ba. Saiwa tana bin danshi ta fasa daɓe, ganye kuma ya zuba ya ruɓe a ruwa. Rumfa ta fi, wadda za ta rufe kamar rabin kwamin. Tarwaɗa ta fi jin daɗin ruwa mai ɗumin 26 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. In hunturu ya kankama ruwa ya sauko wajen 20, cin abincinta yana raguwa sosai, girma ya tsaya. Mutanen Jos da Zariya sun fi kowa sanin wannan. Ka gina rumfar yadda za ka iya rufe gefenta da leda ko tamfol lokacin sanyi.

Masu kaji a gida, kada kwami ya zauna a gangaren ɗakin kaji. Ruwan wanke ɗaki da maganin feshi kada su sami hanyar shiga.

In gidan haya kake, kada ka zuba siminti a filin wani. Ka sayi kwamin tamfol ko tankin roba, ranar tashi ka naɗe kayanka. In kuma cikin birni kake kana shirin babban gini, ka leƙa hukumar tsara birane ta jiharku, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ka ji ƙa'idarsu tun da wuri.

ƘANANA BIYU SUN FI ƘATO ƊAYA

Tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta. A zubi ɗaya wasu suna tsere wa sauran da girma, kuma su ne ke haɗiye ƙananan. Maganin shi ne tacewa: duk bayan sati biyu ko uku a farkon kiwo, ka ware manya daga ƙanana. To in kwami ɗaya gare ka, ina za ka kai waɗanda ka ware? Haka in cuta ta shiga, ko kana son wanke kwami, ko ka sayar da rabi ka bar rabi. Gara kwami biyu masu mita 3 da 2, ko ma 2 da 2, da guda ɗaya ƙato. Suna iya raba bango ɗaya a tsakiya, amma a gina shi da ƙarfi kamar na waje, don wata rana ɗaya zai cika ɗaya babu komai, duk nauyin ya koma gefe guda.

Kifi nawa za a zuba? Ga mai farawa, wanda ba shi da ruwa mai gudu dare da rana, kifi 50 a kowace lita 1,000 ya isa in ana son su kai kilo. Kwamin lita 6,000 ke nan kifi 300. Za ka ji wasu suna zuba ninkin haka. Suna da ruwan da kai ba ka da shi, ko kuma suna sayarwa tun kifin yana ƙanana ga masu banda.

NAUYIN RUWA

Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Kwaminmu na lita 6,000 tan 6 ne zaune a wuri ɗaya, daidai da buhun siminti 120. Wannan a kan daɓe ke nan.

Bango kuma fa? Ruwa yana tura bango, kuma turawar ta fi ƙarfi a ƙasa. In zurfin ruwa mita 1 ne, kowace mita ɗaya ta tsawon bango tana shan turin kusan kilo 500. Ka ƙara zurfin zuwa mita ɗaya da rabi, turin ya koma kilo 1,125. Ka kai mita 2, kilo 2,000. Ka ga ƙarin rabin mita kawai ya ninka nauyin fiye da sau biyu. Wannan shi ne dalilin da ya sa muke tsayawa a bango mita 1.2, ruwa mita 1 ko ƙasa da haka kaɗan. Tarwaɗa ma ba ta buƙatar fiye da haka, don tana tasowa sama ta shaƙi iska kai tsaye. Ragowar tazarar da ke sama tana hana ta tsallakewa, musamman daren da aka yi ruwan sama.

YADDA AKE GINAWA

Ka nemi maginin da ya taɓa gina kwami ko tankin ruwa, ka je ka ga aikin da idonka, cike da ruwa. Iya gina ɗaki daban, iya tare ruwa daban. Kuma ranar zuba kankare ka tsaya a wurin da kanka.

Na farko, a share ƙasar sama, a zuba jar ƙasa, a jiƙa a daddaɓe.

Na biyu, a shimfiɗa bututun fitar ruwa kafin a zuba kankare. Inci 3 ko 4, kada ka yarda da ƙarami, datti zai toshe shi. Fasa daɓe daga baya don a sa bututu shi ne mafarin yoyon da ba ya jin magani.

Na uku, daɓen kankare mai kaurin inci 5 zuwa 6, da ragar rodi a ciki, ya fito har ƙarƙashin inda bango zai hau. Haɗin shi ne ɗaya, biyu, huɗu: buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi mai kaifi, takwas na tsakuwa. Ga kwami mai mita 3 da 2, daɓe kaɗai zai ci wajen buhu 8. A karkata shi kamar inci biyu zuwa bakin bututu, yadda in an buɗe, datti zai gangara da kansa. A tsayar da rodin kusurwoyi tun kankaren yana ɗanye, don bango da daɓe su zama jiki ɗaya.

Na huɗu, bango. Bulo inci tara, mai ƙwari, wanda in ka ɗaga ka saki ba ya wargajewa. Layi biyar, kusan bulo 120, ka sayi 130 saboda fashewa. A cika ramukan bulon da kankare layi bayan layi. Ginshiƙi da rodi a kowace kusurwa, da ɗaya a tsakiyar dogon bango, sannan a zagaye saman da linta ta ɗaure su gaba ɗaya. Nan ne ake son yi maka araha. Kada ka yarda. Ni na yarda, kun ji yadda ta kaya.

Na biyar, filasta ciki da waje. Ta ciki buhu ɗaya ga kwanon sarki shida na yashi mai laushi, a sa garin hana yoyo da ake sayarwa a shagon kayan gini. A yi ta a rana ɗaya ba tare da an tsaya an ci gaba gobe ba. A cike kusurwoyi su zama kamar cikin ƙwarya, don a nan yoyo ke farawa, a nan datti ke maƙalewa. A goge ta sumul, don tarwaɗa ba ta da ɓawo, bango mai kaushi yana kurje mata fata, ciwo ya shiga.

Na shida, bututun tsaye. A waje, a sa gwiwa a bakin bututun fita, a ɗora wani bututu a tsaye daidai tsayin ruwan da kake so. In ka kwantar da shi ruwa ya fita, in ka tsayar ya tsaya, in ruwan sama ya ƙaru ya zube ta bakinsa. A ciki kuma a sa bututu mai huji-huji ko raga, kada kifi ya bi.

Na bakwai, shayarwa. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, ba da rana ba. A rufe da buhuna a riƙa jiƙawa safe da yamma aƙalla kwana 7. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Kada ka cika kwami taf a satin farko.

Wayar injin ruwa kuma a ɗaga ta sama, a rufe mahaɗarta. Jiƙaƙƙen hannu da tsiraicin waya ba sa haɗuwa.

AN GAMA GINI, SAURA HAƘURI

Gwajin yoyo tukuna. Ka cika kwamin, ka yi alama a bango daidai bakin ruwa. Ka cika bokiti ka ajiye a gefe, shi ma ka yi masa alama. Bayan kwana biyu ka duba. In sun ragu kusan daidai, rana ce da iska suka sha. In na kwami ya fi raguwa sosai, akwai yoyo. A kwami mai mita 3 da 2, saukar santimita ɗaya lita 60 ce, ba ƙaramin abu ba ne.

Sai gubar siminti. Sabon siminti yana sakin wani sinadari mai kaifi irin na farar ƙasa, wanda ke ƙona fata da zakaran kifi. Da yawa sun zuba 'ya'yan kifi a sabon kwami, washegari suka kwashe gawa, suka ɗora laifin kan mai ƙyanƙyasa. Ka cika ruwa, ka bar shi kwana uku ko huɗu, ka goge bango da buroshi, ka zubar, ka sake. Ka yi haka na sati biyu zuwa uku. Makiyaya da yawa suna ɗaure kashin kaji ko na shanu a buhu su jefa ciki, wasu ganyen ayaba, har bango ya yi santsi ya yi kore, sannan a wanke a zuba sabon ruwa. In kana da takardar gwajin pH, kana neman tsakanin 6.5 da 8.5. In ba ka da ita, ka zuba kifi biyar ko goma ka ba su kwana uku. In suna yawo suna cin abinci, bismillah.

YARA

Wannan ya fi duk abin da ke sama muhimmanci.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya nuna kusan mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa. Ba ya buƙatar zurfi, ruwan da bai kai gwiwa ba ya isa. Minti kaɗan ne, daidai lokacin da uwa ta shiga ɗaki ɗauko gishiri.

Kuma kifi yana jan yara. Bangon mita 1.2 yana taimakawa, amma yaro zai jawo bokiti ko turmi ya hau don ya leƙa, kansa ya rinjaye shi. Cikin kwami santsi ne, babu abin kamawa.

Saboda haka shinge yana cikin kuɗin gini, ba abin da za a yi daga baya ba ne. A zagaye wurin da waya ko langa-langa, tsayin ya kai aƙalla mita 1.2, ƙofa da kwaɗo, makulli a hannun babba. A rufe saman kwami da ragar ƙarfe mai ƙwari, ba ragar sauro ba. Ita ce kuma za ta tare mage da tsuntsaye. Kada a bar bulo ko kujera ko jarka a jikin bango. Ramin shanye ruwa da rijiyar tace datti su ma a rufe su da murfi mai nauyi. Iyayenmu mata da ke kiwo a cikin gida, ku ne kuka fi sanin yadda yaran maƙwabta ke shigowa ba sallama. Kada ku bari a zuba ruwa kafin a rataya ƙofa.

KADA GINI YA CINYE ABINCI

Kuskure na ƙarshe: a kashe duk kuɗin a gini, a zuba kifi, wata na uku abinci ya gagara. Abinci shi ne kaso mafi girma na kuɗin kiwo. Kifi 300 kafin su kai kilo ɗaya-ɗaya za su ci wajen kilo 300 zuwa 400, wato buhu 20 zuwa 27 na mai kilo 15. Ka je kasuwa ka tambayi farashin buhu yau, ka ninka, ka ware wannan kuɗin gefe. Abin da ya rage shi ne kuɗin gininka. In bai kai na siminti ba, ka fara da tamfol, ka koyi halin kifi da kifi 100, ka gina da ribar. In kana son ƙarin ilimi, malaman gona na jiharku suna nan, akwai kuma cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke New Bussa a jihar Neja.

Baba dai ya haƙura da tayil. Ramin da aka haƙa bai tafi a banza ba, mun cike rabinsa da duwatsu ya zama na shanye ruwa, muka dasa ayaba a gefe. Kwami biyu ya gina a sama, nesa da katanga, ya zagaye da waya. Makullin yana aljihunsa tare da carbi. Jikokin suna zuwa ranar Asabar, shi yake buɗe musu, su watsa abinci su yi ta ihu in kifi ya taso, ya kuma rufe da hannunsa in an gama.

Tun ran gini tun ran zane. Wanda ke shirin farawa, ya rubuto mana abu huɗu a ƙasa: girman filinsa, inda yake samun ruwa, inda ruwan zai fita, da ko akwai ƙananan yara a gidan. Za mu duba tare kafin a kira magini. Waɗanda suka riga suka gina kuma, ku faɗa mana abin da da za ku sake, ba za ku maimaita ba.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mana iyalanmu.